Rediyon Nawa Ne, Majalisar Ta Yaya Ce

Daga Allah muka fito, kuma wurinSa kowa zai koma. Yayana, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, ya rasu ranar Litinin da hantsi a garinmu Ƙofa, bayan jinyar wata biyu. Kafin la'asar mun rufe shi kusa da kabarin Inna. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.

Kwana uku na yi a kan tabarmar makoki a ƙofar gidansa ina karɓar gaisuwa, don ni ne babban da ya rage. Na zaci mutane za su yi ta ambaton noman da ya yi, ko rijiyoyin da ya haƙa wa ƙauyukan nan tun daga Yashe har bakin Kusada, ko sulhun da ya sha yi tsakanin manoma da makiyaya. Sun ambata, amma a gurguje. Abin da tsofaffi suka zauna a kansa daban ne.

Wani tsohon direba, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana jan bas tsakanin Kano da Katsina, ya zo yana dogara sanda. Da aka shafa fatiha sai ya juyo gare ni ya ce, "Malam, yau wanda ya gano mai fito ya tahi." Tsofaffin da ke wurin suka hau gyaɗa kai. Wata dattijuwa Bafillatana da ta sayar mana da nono shekara da shekaru ta aiko daga wurin mata a gaya mani, ita har yau ba ta yarda kada ya ci mai fito ba. Har wani ɗan kudu, Kirista, da ya yi aikin ba da magani a Kankia muna samari, ya bugo waya daga garinsu. Da Hausarsa da ta fara tsatsa ya ce, "Wannan yaya naka, kansa ba irin namu ba."

Matasa suka riƙa kallon juna. Ba su san mai fito ba, ba su san wane kada ake nufi ba. Ni na sani. Ina zaune, ɗan'uwana bai kwana biyu a ƙasa ba, sai na ji wani abu da na zaci ya mutu tuntuni ya motsa a ƙirjina. Kishi ne. Ko mutum ɗaya bai ce "rediyon Malam" ba, alhali rediyon nawa ne.

Shi ya sa na ɗauki biro. Ba na son a manta da shi, kuma ba na son a tuna da shi rabi-rabi. In zan faɗi ko wane ne Yaya, dole in faɗi abin da na yi masa.

Dogo ne, baƙi, mai manyan hannuwa da igiyar rijiya ta kanta. Bai yi boko ba. Karatun allo ya yi, ya tsaya inda noma ya tsayar da shi. Goro ɗaya yakan raba shi huɗu ya wuni da shi, kuma ba ya fara magana sai ya gama taunar wanda ke bakinsa, ko da kuwa jama'a na jira. Yana da wata kalma da duk wanda ya zauna da shi ya san ta. In ana gardama kowa ya ɗaga murya, sai ya ɗaga yatsa ɗaya ya ce, "Ku tsaya. Mi ne ne ba su hwaɗi ba?" Haka yake yi wa rikicin iyakar gona, haka yake yi wa maganar 'yan siyasa, haka kuma ya yi wa wasan rediyo.

A shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa ƙasar nan, ina koyarwa a wata firamare a Kankia. Aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi. Abokan aikina wasu suka sayi babur, wasu suka sa kwano a ɗakunansu. Ni na hau bas zuwa Kano na dawo da rediyo mai batir shida, mai rigar fata, eriyarsa in aka jawo ta ta fi tsawon hannu. Na sa kafinta ya yi mani benci biyu na ajiye a gindin bishiyar bedi, wato dogonyaro, da ke ƙofar gidana, inda ake hangen motoci suna wucewa a titi. Ba zan ɓoye ba, so nake unguwa ta san akwai mai ilimi a cikinta.

A lokacin akwai wani dogon wasa da ake sawa duk Laraba bayan la'asar. Mu dai wasan Laraba muke ce masa. Labarin wata ƙasa ce ta can da, wadda ba a taɓa jin ta ba, mai iyayengiji uku. Akwai Mai Tulu, wanda ruwan sama ke hannunsa. Akwai Tsohuwa Mai Mazari, wadda ke kaɗa kwanakin kowane mutum kamar zare. Sai na ukun, ƙanensu, da ake kira Ɓatacce, wanda ya yi faɗa da su ya sauko cikin mutane, ba wanda ya san kamanninsa. Mai Tulu ya rantse ba zai saki ruwa ba sai an nemo masa ƙanensa. Wadda ta ɗauki nauyin neman ita ce ɗiyar wani maƙeri, da wata gora ta tsafi da ta gada, wadda in ta buɗe sai iska ta fito ta yi mata aiki. Mu da muka fito daga shekarar fari ba da daɗewa ba, muka ga shanu suna faɗuwa a bakin hanya, labarin ƙasar da aka hana ta ruwa ba wasa ba ne a wurinmu.

Makonnin farko majalisar tawa ce. In an gama, ni ke bayani. Ina da littafin rubutu da nake shigar da sunayen mutanen wasan da jan biro, in ja layi daga wannan zuwa wancan. Direban nan yakan tsara tafiyarsa don Laraba ta same shi a Kankia. Bafillatanar nan takan ajiye ƙwaryarta a gefe ta zauna nesa kaɗan. Mai maganin nan ɗan kudu yakan zo da kujerarsa. Duk ni suke kallo.

Sai wata Laraba Yaya ya zo a kan kekensa daga Ƙofa, ya kawo mani gero. Ya zauna a ƙarshen benci ya saurara. Laraba ta biyu ya dawo ba gero. Ta uku ma haka. A ta huɗu gorar ɗiyar maƙeri ta ƙi buɗewa a gaban maƙiyanta, har aka kama ta. Na buɗe littafina na bayyana wa jama'a cewa kalmomin tsafin ta yi wa kuskure, don na ƙirga, wancan karon sau uku ta faɗe su, wannan karon sau biyu.

Yaya ya gama taunar goronsa, ya ɗaga yatsa. "Ku tsaya. Ba kalmomin ba ne. Yarinyar nan da sahe ta yi ma uwarta ƙarya, ta ce rijiya za ta. Wancan karon da gorar ta yi nauyi, shi ma ta yi ma mai fito ƙaryar sunanta. Gorar ga ba ta buɗe ma wanda ya yi ƙarya a ranar."

Na yi dariya. Na ce, "Yaya, wannan ai wa'azi ne, ba tsafi ba."

Bayan mako uku Tsohuwa Mai Mazari ta faɗa da bakinta a cikin wasan: gorar ba ta sanin maƙaryaci. Direba ya yi tsalle daga kan benci har ya zubar da shayin wani. Tun daga ranar, in an kashe rediyo, kawunan mutane ba wajena suke juyowa ba. Ni ke sayen batir. Ni ke share wurin. Ni ke riƙe eriya in murya ta fara shaƙewa. Amma in Yaya ya makara, sai a riƙa leƙen hanya ana cewa, "Halan tayar kekenshi ta yi faci?" Wata rana da zazzaɓi ya kwantar da ni, matata ta fitar masu da rediyon. Ina kwance ina jiyo shewarsu, ba wanda ya lura bencin ya rage mutum ɗaya sai da aka tashi.

Akwai ranar da limamin unguwarmu ya tsaya a kanmu. Dattijo ne mai tsanani, ana jin nauyinsa. Ya tarar muna gardamar ko Mai Tulu ya fi Tsohuwa ƙarfi. Ya ce, "Musulmi zaune, suna auna ƙarfin gumaka. Wannan shi ne abin da boko ya kawo mana?" Da ni yake. Na miƙe na hau yi masa bayanin cewa ƙagaggen labari ne, adabi ne, ana koyar da irinsa a makarantu. Ina ƙara magana, fuskarsa na ƙara ɗaurewa.

Yaya ya miƙa hannu ya ɗauki rediyon, ya buɗe bayansa, ya zare batir ɗaya. Kiɗan da ke tashi ya ɗauke ɗif. Ya ɗora batirin a tafinsa ya nuna wa liman.

"Allah gafarta Malam, ga ran Mai Tulu a hannuna. Abin da batir ke riƙe da shi, wane mai hankali zai bauta mashi?"

Liman ya yi ƙoƙarin riƙe dariya, ta ƙwace masa. Ya ce to, kada dai magariba ta same mu a nan. Bayan haka mun sha lura, in Laraba ta yi, tafiyarsa daga gida zuwa masallaci takan ɗauki lokaci fiye da na sauran ranaku, kuma ta gindin bedin nan yake bi. Ni da na yi shekaru ina karatu na kasa, Yaya ya gama da batir ɗaya. Na yi dariya tare da kowa. A cikina ban yi ba.

Abin da ya fi ci mani rai a Ƙofa na gan shi. A lokacin babu rediyo a ɓangarenmu na garin, kuma mata ba sa fita. Ashe duk Alhamis da hantsi Yaya yakan zauna a tsakar gidan Inna ya maimaita wasan jiya daga kansa, da muryar kowa, har da tarin mai fito. Wani hutu na je da turmin atamfa na kai wa Inna, idonta ya riga ya fara rauni. Ta shafa atamfar, ta sa mani albarka, ta tura ta bayanta. Ta ce, "Zauna maza, yayanka zai hwaɗi abin da ya samu ɗiyar maƙeri."

Na zauna. Mata sun cika gidan suna ɓarar gyaɗa. Yaya ya fara. Ya ƙara abubuwan da babu su a rediyo, kuma wallahi sun fi na rediyon daɗi. Inna ta yi dariya har ta riƙe ciki, irin dariyar da ban taɓa jawo mata ba. Da aka watse na ce mata, "Inna, mako mai zuwa zan kawo maki rediyon ki ji na ainihi."

Ta ce, "Na akwati? A'a, bar mani na yayanka. Na akwati ba a tsai da shi a yi mashi tambaya."

Na koma Kankia da wannan maganar a raina.

Mai fito, wanda tsofaffi ke ambato a wurin makoki, wani tsoho ne a cikin wasan, mai tsallakar da mutane kogi a kwalekwale. Don ban dariya aka sa shi. Kullum yana kukan ciwon baya, yana tari, yana zagin kwaɗi. Ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai. Muna ta hasashen wane ne Ɓatacce, wannan ya ce sarkin yaƙi, wancan ya ce makahon kasuwa. Ni na tsaya a kan maƙerin kansa, uban yarinyar, na cika shafi biyu da hujjoji.

Wata Laraba, bayan kowa ya faɗi nasa, Yaya ya ɗaga yatsa.

"Mai fito ne."

Aka fashe da dariya. Ya jira aka gama.

"Duk mutanen wasan ga, in za su rantse, da Mai Tulu suke rantsuwa ko da Tsohuwa. Kun taɓa jin mai fito ya rantse da su? Mutum ba ya rantsuwa da yayyenshi. Sau nawa aka ba shi abinci? Kullum sai ya ce ya ƙoshi. Ranar da Tsohuwa ta ce akwai zare ɗaya da ba ya kan mazarinta, mi aka ji bayan maganar? Tarinshi. Kuma ku kasa kunne mako mai zuwa. Kalangun nan da ake kaɗawa a baya, kowa ya yi magana yana tashi. In mai fito ya buɗe baki, sai ya yi shiru."

Laraba ta zagayo. Ba mu taɓa sauraren wasa da irin wannan natsuwa ba. Mai fito ya yi tari ya fara kukan bayansa, kalangu ya ɗauke. Ya rufe baki, kalangu ya dawo. Mai maganin nan ɗan kudu ya cire hularsa ya ɗora wa Yaya a ka. Bafillatana ta ɗebo nono a ludayi ta ce ya sha, kyauta ne. Ni na rufe littafina, na ji kamar an tuɓe ni a gaban ɗalibaina.

Kafin a fara wasan, gidan rediyon yakan karanta wasiƙun masu sauraro. Washegari a ofishin makaranta, lokacin hutun ƙarfe tara, na zauna na rubuta wasiƙa. Na zuba maganar Yaya duka, rantsuwar, abincin, zaren, kalangun, na gyara ta da Hausar makaranta. A ƙasa na sa sunana, na ƙara da "malamin makaranta, Kankia". Na san abin da nake yi. Ina lasar kan sarki ina gaya wa kaina ai ba za su karanta ba, kuma ina addu'ar su karanta.

Bayan mako uku suka karanta. Muna zaune, majalisa ta cika, Yaya na ƙarshen bencinsa. Mai gabatarwa ya kira sunana cikakke, ya karanta wasiƙar daga farko har ƙarshe, ya yi dariya ya ce, "Kai, wannan malami na Kankia, Allah Ya ba ka kunne." Na sha mafarkin wannan lokacin. Da ya zo, ban iya ɗaga kaina ba.

Direba ne ya fara magana. "Malam, wannan ai maganar yayanka ce. Har da kalangun."

Yaya ya tofar da goro ya ce, "Ni na sa shi. Ni na iya rubutun boko ne? Kuma da sunanshi da nawa, duk na Baba ne a ƙarshe. Ku yi shiru an fara."

Suka yarda, ko suka yi kamar sun yarda. Da ya zage ni a gabansu da ya fi mani sauƙi. Ya rufa mani asiri, kuma ko wannan rufin asirin sai da na ji haushinsa, don ya sake nuna ya fi ni.

Da aka tashi na raka shi. Yana tura keken, ina gefensa, har muka wuce tashar mota muka kama hanyar gida. Sai a nan ya tsaya.

"Ƙarami," haka yake kirana in mu biyu ne, "sunan bai dame ni ba. Amma ka gaya ma masu wasan mun gane. Ni da nike ba su Inna labari na sani, in wata ta riga ni hwaɗin ƙarshe, sake hanya nike yi. Su ma za su sake."

Na ce, "Haba Yaya, an riga an rubuta wasan nan tuntuni. Wasiƙa ɗaya ba za ta canza shi ba."

Ya hau kekensa. "To, Allah Ya sa."

Ban san gaskiyar abin da ya faru a gidan rediyon ba, kuma ba zan ɗora wa kowa laifi ba. Abin da kunnena ya ji shi zan faɗa. Bayan wata ɗaya, ana tsakiyar tsallaka kogi, kada ya kifar da kwalekwale ya ja mai fito ƙasa. Ko minti biyu abin bai ɗauka ba, ba wanda ya yi masa kuka a cikin wasan. Mako biyu kafin a ƙare, wani baƙon saurayi ya shigo garin a kan raƙumi, wanda ba a taɓa ambatonsa ba, aka ce shi ne Ɓatacce. Mai Tulu ya saki ruwa, aka yi kiɗa, wasa ya ƙare.

Ranar da kada ya ci mai fito, kowa a bencin ya juya ya kalli Yaya. Ni ma na kalle shi, kuma Allah Ya gani, daɗi na ji. Yau dai ya faɗi ba daidai ba. Na manta ma cewa sunana ne ke kan hasashen a kunnen duk ƙasar. Abin da ya dame ni kawai shi ne mutanen gindin bedi su ga shi ma yana kuskure.

Bai yi gardama ba. Da baƙon raƙumi ya bayyana, abin da ya ce kawai shi ne, "Wannan ba daga cikin labarin ya hito ba." Bai dube ni ba da ya faɗa. Ya saurari na ƙarshe tare da mu, ya yi wa kowa sallama, bai sake zuwa majalisar Laraba ba.

Aka fara sabon wasa. Na sayi sababbin batura, na share gindin bedi, na buɗe sabon shafi. Makon farko mutum takwas, na biyu biyar. Direba ya ce an canza masa ranar lodi. Bafillatana takan tsaya ta tambaya, "Yayan bai zo ba?" sai ta ɗauki ƙwaryarta ta wuce. Kafin damina na mayar da benci ɗaya cikin gida aka riƙa ɗora tukwane a kai. Na samu abin da nake so, ba wanda ya rage da zai fi ni, kuma ba wanda ya rage da zai saurare ni.

Daga baya na ji cewa a Ƙofa wasan bai ƙare yadda ya ƙare a rediyo ba. Yaya ya gaya wa su Inna gaskiya, ya ce na akwati sun kashe mai fito, shi kuma bai yarda ba. Ya ba su nasa ƙarshen. A nasa, ɗiyar maƙeri ta tsaya a bakin kogi ta faɗi duk ƙaryar da ta taɓa yi, ɗaya bayan ɗaya, sannan ta buɗe gora. Mai fito ya taso daga ruwa a kan bayan kadan, ciwon bayansa ya warke. Wannan ƙarshen ya bi bakin mata ya je Yashe, ya je rugage, ya dawo har Kankia. Da yawa daga cikin waɗanda suka ji na rediyo da kunnensu, nasa suka riƙe.

Ba mu yi gaba ba. Ba irinsa ba ne. Duk kaka buhun gerona na zuwa. Da matata ta rasu, shi ya zauna da ni kwana bakwai, ya hana ni komawa aiki sai da ya ga ina cin abinci. 'Ya'yana a gidansa suke hutu, su dawo suna ba ni labaransa, ni kuma in ce masu su ɗauko littattafansu. Maganar wasiƙa kuwa ba wanda ya sake tayar da ita. Na sha shirya yadda zan fara, in na gan shi sai in tambaye shi lafiyar shanu.

Sai a jinyar nan ta ƙarshe. Ranar Asabar da azahar na same shi a ɗakinsa, babbar ɗiyarsa ta tayar da shi ta jingina shi da bango, ta ajiye kunu ta fita. Ya rame har hannuwan nan sun yi masa yawa. Na ce, "Yaya, akwai maganar wasiƙar nan."

Ya kaɗa hannu. "Wace tsohuwar magana."

Ban san yadda aka yi ba, maimakon neman gafara sai wata magana ta fito, wadda ta fi wasiƙar tsufa. Muna yara, kafin a ba ƙasar nan mulkin kai, dagaci ya aiko a ba da yaro ɗaya daga gidanmu don makarantar boko. Lokacin mutane tsoron boko suke, ba wanda ke ba da ɗan da yake ji da shi. Baba ya ɗaga Yaya ya saka shi cikin rumbu ya rufe, ya kamo hannuna ya miƙa ni. Ban taɓa gaya wa kowa ba, amma tun ranar na ɗauka na san matsayina a gidan.

Na ce, "Kai aka ɓoye a rumbu, Yaya. Ni aka bayar. Duk abin da na yi maka, daga nan ya taso."

Babu goro a bakinsa, amma sai da ya yi irin shirun nan nasa.

"Akwai wata kafa a jikin rumbun," ya ce. "Ta nan na leƙe ka kana tahiya bayan ɗan aiken dagaci, an aske maka kai, an sa maka rigar Sallah. Kwana uku ina ma Baba kuka ya kai ni inda aka kai ka. Ya ce wa zai kama mashi noma." Ya yi tari, na miƙa masa ruwa. "Ranar da aka karanta wasiƙar, kana zaton haushin sata na ji? Maganata ce, amma a bakina iyakarta gindin bedi. Kai ka sa ta a takarda, ta tahi inda ban taɓa zuwa ba, ta dawo ta cikin akwati. Hanya duka ina tuƙa keke ina cewa, da ni ne na iya haka."

Na riƙe hannunsa na ce ya yafe mani. Ya ce ya yafe tun a hanyar tasha, in ni ma na yafe masa rumbun, ko da yake ba shi ya saka kansa ba. Muka yi dariya, tasa ta ƙare da tari.

Can ya ce, "Kana da biro? Rubuta mani sunana da boko in gani. Manya-manya, idon ya tahi."

Na yago takarda daga ɗan littafin da ke aljihuna, na ɗora a gwiwa, na rubuta sunansa da na Baba da manyan baƙaƙe, a hankali, yadda nake yi wa 'yan aji ɗaya a allo. Ya karɓa ya kai ta kusa da fuskarsa. A juye ya riƙe ta. Na miƙa hannu zan gyara masa, sai na mayar da hannuna.

Ya bi baƙaƙen da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Ashe ɗan gajere ne." Ya ninke takardar sau biyu ya saka a aljihun gaban rigarsa.

Ranar Litinin, da muka zo cire masa rigar don wanka, tana nan a aljihun.

Ya Allah, ga bawanKa ya zo. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haɗa shi da Inna da Baba a cikin rahamarKa, Ka yafe wa ƙanensa abin da shi ya riga ya yafe.